Taku Dubu Goma Kafin Japan

Tun kafin a sayi tikiti, tun ma kafin a nemi biza, babu wanda bai ji ba a masallacin Juma'a cewa Alhaji Muntaka zai je Japan. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Ya faɗa a wajen alwala, ya faɗa a wajen ajiye takalma, har wani Bature da ya zo gyaran na'urar ɗumama masallaci sai da ya tsare shi ya faɗa masa da hannu da ka, tunda Turancin nasa bai wuce na gaisuwa ba.

Kuma ai ya isa ya faɗa. Mutum ne da bai taɓa zaman aji ba ko na wuni ɗaya, amma shekara arba'in da shida ya yi yana kwance a ƙarƙashin motocin Japan a Ƙofar Ruwa ta Kano. Datsun, Toyota, Mazda, babu wadda bai zazzage cikinta ya mayar ba. In mota ta taho daga nesa, kafin ta tsaya ya riga ya san abin da ke damunta. Shi ne wanda motar itace ta danne a hanyar Birnin Gwari, aka yi salati aka rufa masa mayafi, ya yaye mayafin ya nemi ruwan sha. Kwalara ta ɗauke mutum bakwai a layinsu ta tsallake shi. Gobara ta cinye garejinsa ƙurmus, wata biyu ya kafa wani. To irin wannan mutum in ya ce kafin ya koma ga Allah yana so ya ga mutanen da suka ƙera injin da ya ci abinci da shi, ya aurar da 'ya'ya da shi, wa zai tare masa hanya?

'Yarsa Najiba ce ta tare. Likitar yara ce, kuma a gidanta da ke Upper Marlboro ta ƙasar Amurka suke zaune shi da matarsa Hajiya Lami, shekara uku ke nan. Ita ta kawo maganar hutun, ita da mijinta Fatihu. Wata ranar Lahadi bayan la'asar ta baje takardu a teburin cin abinci, ta shiga jero musu tsarin: kwana huɗu a Tokyo, uku a Kyoto, sannan Nagoya, inda aka tara tsofaffin motoci da injuna a gida guda don masu kallo. Ta nemo gidajen abincin halal, ta nemo masallatai. Ta ce a watan huɗu za a tafi, lokacin da itatuwan can ke fitar da fure.

"Furen kuma ba ga shi nan a Washington ba?" in ji Hajiya Lami. "Bara ba shi kika kai mu muka gani ba, sanyi ya kusa kashe ni?"

"Umma, wannan ai daga can aka kawo shi. Yanzu gidansu za mu."

Ta ce a can sai an cire takalmi kafin a shiga gida. Alhaji ya ce wannan kuma a wajenmu suka koya. Ta ce ba a shiga ƙasar da nama, don haka babu kilishi, babu dambun nama. Ya ce za a gani. Ta ce bayan gidansu da kansa yake fesa wa mutum ruwa. Hajiya ta ce ita dai da butarta za ta.

Sai Najiba ta tattara takardun, ta ɗauko wani ɗan kwali ta ajiye a gabansa.

"Baba, saura magana ɗaya. Japan da ƙafa ake ganinta. Hawa da sauka a tashar jirgin ƙasa kaɗai ya ishi mutum. Tun da aka yi maka aikin gwiwa bara, daga kujera sai mota, daga mota sai sahun salla. Ga agogo nan, yana ƙirga taku, kuma duk abin da ya ƙirga ina gani a wayata. Dubu goma kullum, sati shida. In ka yi, na sayi tikitinka. In ba ka yi ba, gidan Yaya Nasir a Woodbridge za ka zauna har mu dawo."

"Ni? Ni za a auna wa tafiya? Ke kin san daga Agadas na taɓa..."

"Na sani, Baba. Mota ta mutu, ka taka kwana biyu da jarka a ka. Shekararka ashirin da biyar a lokacin."

Ya dubi matarsa ko za ta sa baki. Hajiya Lami tana ta gyaran ɗankwalinta kamar ba a ɗakin take ba.

Washegari ya ɗaura agogo ya fita. Gwiwa dai ta yi ciwo, amma ba ita ce babbar damuwar ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne tafiyar da babu wurin zuwa. Shi a saninsa, dattijo in ya fita, ko gaisuwa za shi, ko jana'iza, ko kasuwa. Wanda ke zagaya unguwa hannu rabbana, ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, a Kano sunansa ɗaya, kuma yara ke bin sa. Ga unguwar shiru kamar an yi shara, ba mai shayi, ba mai faci, ba inda za ka tsaya a ce maka sannu da zuwa. Sai matan Turawa da karnuka, kowace ta ɗaga masa hannu tana murmushi kamar ta ga marar lafiya. Ya zagaya har ya gaji, ya duba agogo. Baƙin rubutu ne bai sani ba, amma lamba, mutumin da ya yi rayuwarsa da sifana goma sha biyu da goma sha huɗu, ba a ɓoye masa ita. Dubu biyu da ɗari uku.

Kwana biyar bai taɓa haura dubu uku ba.

Ranar Juma'a Alhaji Saaka ya tare shi a bakin masallaci. Mutumin Kumasi ne, a Greenbelt yake zaune, tsohon direban tasi, kuma tun ranar da suka saba ba su taɓa rabuwa ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

"Ei, Alaji Japan! An ce an ɗaura maka mita kamar tasi. Nawa ka ci yau?"

"Wa ya gaya maka?"

"Labari ya zo har Greenbelt. An ce in ba ka cika ba, Woodbridge za a kai ka ajiya, kamar akwati."

"Saaka, ni da na shiga ƙarƙashin motar itace na fito, agogo ne zai kayar da ni? Ka fara tunanin tsarabar da kake so."

Ya faɗa da ƙarfi, mutane suka yi dariya.

Hanyar ta ɓullo ne ba da nemanta ba. Ran Asabar ya kwance agogon zai yi alwalar azahar, ya ajiye a kan kantar kicin. Hajiya Lami na shirin tuƙa tuwo, ta ji tsoron kada ruwa ya taɓa shi, ta ɗaura a hannunta. Ta yi talge, ta zuba gari, ta kama muciya ta tuƙa kamar yadda ta saba tun tana budurwa, tuƙi na gaske, ba irin na 'yan yanzu ba. Da ya dawo ya karɓa, ya ga lamba ta ƙaru da ɗari tara.

Ya tsaya. Ya dubi agogo, ya dubi muciya. Wanda ya san inji ai ba sai an yi masa bayani ba. Abin nan ba ƙafa yake ji ba, girgizar hannu yake ji.

"Hajiya," ya ce da murya ƙasa ƙasa, "yaushe rabon da ki daka yaji?"

Ta gane nan take. Shekara hamsin da ɗaya suna tare.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah. 'Yar taka za ka cuta?"

"Wace cuta? Ni da ke ai abu ɗaya ne. Ko so kike ki tafi ƙasar mutane ki bar ni wajen matar Nasir, kullum ganye da ɗanyen tumatir?"

Ta yi tsaki, amma ba ta cire agogon ba. Ita ma ba ta son ta hau jirgin awa goma sha huɗu babu wanda zai dame ta da surutu.

Daga ranar gidan ya canja. Da Najiba da Fatihu sun fita aiki, Alhaji zai ɗan zagaya da safe don maƙwabta su shaida, ya samo dubu biyunsa. Da azahar sai agogo ya koma hannun Hajiya, ba ya dawowa sai an ji ƙarar ƙofar gareji. Tuwo ya koma sau biyu a rana. Aka fito da ɗan turmin da suka zo da shi daga Kano, aka daka yaji, aka daka kuka, aka daka daddawa. Ya ce yana sha'awar fura, a dama da ludayi, kada a sa a inji. Yajin ya yi yawa har ya riƙa kai wa masallaci a ƙananan kwalabe yana rabawa. Lamba kuwa ta riƙa hawa: dubu tara, dubu goma da ɗari biyu, wata rana har sha biyu.

"Baba, ka ba ni mamaki," in ji Najiba, tana duba wayarta.

"Ke kika yi mamaki. Ni na san kaina."

Sau biyu ya ga Hajiya ta tsaya a tsakiyar matakalar bene, ta riƙe ƙarfe, tana mayar da numfashi. Ya tambaye ta, ta ce tsufa ne, shi ma ai ba yaro ba ne. Ya bar maganar.

A sati na huɗu Najiba ta dawo daga aiki da wuri, fuskarta ba yadda ya saba gani ba. Allah ya taimake shi agogon na hannunsa, don Hajiya ta cire za ta yi wanka. Najiba ta kama wuyan hannunsa ta danna da yatsu biyu tana kallon bango.

"Baba, kana jin ƙirjinka na bugawa? Jiri fa? Numfashi?"

"Ni? Ƙalau nake kamar sabuwar Hayis."

"Agogon ba taku kaɗai yake ƙirgawa ba, yana sauraron zuciya. Sau biyar yana turo min saƙo cewa bugun zuciyarka ba daidai yake ba. Maganar Japan a ajiye ta tukuna. Gobe za mu ga likitan zuciya."

Ya yi faɗa, ya kawo motar itace, ya kawo kwalara, bai hana komai ba. Aka kai shi, aka manna masa wani abu a ƙirji kamar filasta, aka ce ya kwana bakwai da shi. A kwanakin nan agogo bai bar hannunsa ba, don Najiba ta sa ido sosai, kuma ta ce ya rage tafiyar. Shi duk tunaninsa a kan tikiti yake, da bakin Saaka. Ko sau ɗaya bai kawo komai a ransa ba.

Ranar da za a ji sakamako su uku suka je, har da Hajiya. Likitar wata doguwar baƙar fata ce mai suna Olive. Ta juyo musu da allon kwamfuta tana magana tana murmushi, Najiba na mayar masa da Hausa.

"Ta ce zuciyarka lafiya lau. Ta ce kwana bakwai ko sau ɗaya ba ta yi tuntuɓe ba. Wai ta fi ta wasu 'yan shekara hamsin."

"Gaya mata na gode, amma ba labari ta ba ni ba."

"Ta ce agogon wani lokaci yana kuskure. Abin da ya ɗan ba ta mamaki, duk saƙonnin tsakanin ƙarfe biyu ne da biyar na yamma. Amma ta ce tunda nata awon ya fi ƙarfi, ka je Japan ɗinka, ka kawo mata hoto."

Najiba ta rungume shi a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce yau ɗin nan da sun isa gida za ta sayi tikiti huɗu.

Suka hau babban titin Beltway, motoci sun cushe, ana tafiya kamar ana tura su. Alhaji na gaba, Hajiya na baya. Ya ci nasara ta ko'ina. Ga shaidar likita, ga tikiti, ga abin da zai gaya wa Saaka ran Juma'a. Amma maganar ƙarfe biyu zuwa biyar ɗin nan ta tsaya masa a rai. Ƙarfe biyu zuwa biyar agogon ba ya hannunsa.

Ya tuna yadda ake kawo masa mota a ce tana fizga, yaran gareji su ce ba komai, mai ne ba kyau. Shi kuwa ya san injin da ke tsallake bugu ba ya gyara kansa. Yau zai kai ka kasuwa, gobe zai kai ka, jibi a tsakiyar daji zai ajiye ka. Agogon bai yi kuskure ba. Ya saurari inji sosai, sai dai bonet ɗin wata motar aka buɗe. Sannan ya tuna matakalar bene. Ya tuna shi ne ya ce tuwo sau biyu, shi ne ya ce a fito da turmi.

Ya ɗan juya. Hajiya ta riga ta gane, don idonta na kansa. Ta girgiza masa kai a hankali. Ta miƙo hannu ta gefen kujera ta mintsine shi a haƙarƙari.

In ya yi shiru, babu mai sani har abada. In ya yi magana, sati huɗu na ƙarya za su fito fili a gaban 'yar da ya haifa, tikiti ya tafi, kuma labari sai ya kai Greenbelt.

"Najiba, juya motar nan."

"Baba, a nan? Mantuwa ka yi?"

"Alhaji," in ji Hajiya daga baya, "ka bar yarinya ta yi tuƙinta."

"Ki yi shiru, Lami." Rabon da ya kira sunanta a gaban 'ya'ya har ya manta. "Najiba, ni ban yi taku dubu goma ba. Ko sau ɗaya ban yi ba. Dubu biyu nake yi, in na matsa uku. Sauran uwarki ce, da muciya da taɓarya. Daga azahar zuwa dawowarku agogon a hannunta yake wuni. Zuciyar da matar nan take nema ga ta nan a bayanki."

Najiba ta dubi uwarta ta madubi, ta daɗe tana kallo, har na baya ya yi mata hon. Ta kunna sigina ta fara neman hanyar fita.

"Umma, tun yaushe kike jin haki?"

"Ni ba na jin komai. Babanki ne da neman magana."

"Tun kafin azumi," in ji Alhaji. "Tana tsayawa a bene. Na gani da idona na yi shiru."

Likita Olive ba ta tashi ba tukuna. Aka kwantar da Hajiya aka jona mata wayoyi, takarda ta fito, kuma wannan karon ba a yi murmushi ba. Amma ba a yi kuka ba. Likitar ta ce ciwo ne da aka sani, yana da magani, mutane na shekara ashirin da shi suna harkokinsu. Haɗarinsa shi ne a bar shi ba a sani ba, don yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki rana tsaka. Ta tambayi yadda aka yi agogon miji ya kama ciwon mata. Najiba ta yi mata bayani a taƙaice. Matar ta cire tabarau ta yi dariya har da dafa tebur.

Kwana uku Najiba ba ta yi masa maganar Japan ba, gaisuwa kawai. Shi ma bai tambaya ba. Ya mayar da turmi can bayan gareji da hannunsa. A rana ta huɗu ta same su a falo.

"Watan huɗu dai ya wuce mu. Likita ta ce Umma ta samu wata shida a kan magani tukuna. In komai ya daidaita, sai watan sha ɗaya, lokacin ganyen can ya koma ja. Kuma ta ce Umma ta riƙa tafiya kullum, a hankali, kuma kada ta fita ita kaɗai."

"To ai ga ni," in ji Alhaji.

"Kai da ka cuce ni?" in ji Najiba.

"Na cuce ki. Na kuma faɗa da bakina, ba kama ni kika yi ba."

Ta ce, "Sharaɗin na nan, Baba. Dubu goma. Agogo biyu zan saya, kowa da nasa."

Ran Juma'a bai jira Saaka ya fara ba. Tun a wajen takalma ya ɗaga murya.

"Saaka, zo ka ji. Ciwon da likitocin Amurka da injunansu ba su gani ba, ni na gano shi. Ni, da ban yi aji ɗaya ba. A kan Beltway, ko taɓa ta ban yi ba."

"Ei! Mu kuma an ce mana tuwo ne ya yi maka tafiya."

"Wannan dabarar bincike ce. Kai direba ne, ba za ka gane aikin makanike ba."

Tafiyar kuwa ta zo masa da sauƙin da bai zata ba. Yanzu in ya fita ba zagaye yake ba, matarsa yake rakawa, kuma wannan aiki ne da dattijo zai yi kansa a sama. Suka fara daga ƙofar gida zuwa akwatin wasiƙu na ƙarshen layi. Bayan sati biyu suna kaiwa cocin da ke bakin babban titi su huta a kan dakalinsa. Ran Asabar Fatihu kan kai su tafkin Greenbelt, Saaka ya fito daga gidansa ya bi su yana tsokana, har shi ma ya fara haki ya daina magana.

Ranar ashirin ga watan shida, a zagaye na biyu na tafkin, agogon Alhaji ya yi ɗan motsi a hannunsa. Ya duba. Ɗaya da sifili huɗu. Sai ya miƙa wa Hajiya hannun ta gani.

"To, sannu," ta ce. "Saura kwana arba'in da ɗaya irin wannan."

"Ke naki nawa?"

"Ya fi naka. Ƙafata gajera ce."

Suka zauna a benci. Ta ciro ruwa a jaka ta sha ta ba shi. Ya ce in sun je gidan motocin nan na Nagoya, zai nemi babban makanikensu, a tsaya masa da tafinta, don akwai wata ƙaramar matsala a kafiretan Datsun ta shekarar saba'in da takwas da ya daɗe yana so ya ji dalilinta daga bakinsu. Hajiya ta ce mutumin da ya ƙera ta ai ya daɗe da mutuwa. Ya ce to ɗansa ya fito. Ta ce ya tashi su ƙarasa, rana na yi, kuma ƙarfe biyar take shan maganinta.